Hannun Malam Tasi'u

Malam Tasi'u mutumin Dugabau ne, amma rabin rayuwarsa a Gwarzo ya yi ta, a gonar kajin Hajiya Bushira. Marigayi mijinta ne ya sa aka haɗa wa ɗakunan 'yan tsaki abin ɗumamawa. Tukunyar ƙarfe ce ke dafa ruwa, bututu ya kai shi ɗaki-ɗaki. Kowane ɗaki da bawul ɗinsa mai buɗe wa ruwan hanya ko ya rufe, da tamostat a bango, wanda ke auna zafin ɗakin ya ba bawul umarni. Kayan sun tsufa, ko a Kano an daina sayar da irinsu. Tasi'u ne ke lallaɓa su.

In ɗaki ya yi sanyi, ba ya gaggawar kwance komai. Sai ya murɗa tamostat, ya kasa kunne ya ji ko zai yi ƙas. In ya yi, ya ɗora tafin hannunsa a kan bututu kafin bawul, ya sake ɗorawa a gaba da shi. Nan zafi can sanyi, to bawul ne ya cije. Ya kwance shi, ya kankare tsatsa, ya shafa giris, ya mayar. Har daga Kabo masu injin ƙyanƙyasa kan aiko a ɗauke shi a babur.

Sai ciwon suga ya kama shi. Ƙafafunsa suka fara mutuwa, sannan yatsun hannu. Wata rana matarsa Zulaiha tana zuba masa ruwan alwala ta riƙe hannunsa.

"Malam, wannan ƙunar fa?"

"Wace ƙuna?"

Ya juya tafin. Fata ta tashi ta ɗuri ruwa, shi kuwa bai san lokacin da ya ƙone ba. Ya daɗe yana kallon hannun kamar na wani.

Bai ɓoye wa Hajiya ba. Ta sayo masa ma'aunin zafi, amma idonsa ma ya fara hazo, lambobin ba sa fitowa. Ya ci gaba da taɓa bututu yadda ya saba, yana fatan ɗan abin da ya rage a hannun zai isa.

Wata Juma'a da sanyi, an zuba sababbin 'yan tsaki a ɗakin ƙurya. Ɗakin ya ɗumama, tamostat ya yi ƙas alamar ya rufe. Tasi'u ya taɓa bututu a gaba da bawul, bai ji zafi ba, ya ja ƙofa ya tafi masallaci. Ashe bawul ya cije a buɗe, ruwan zafi yana ta shiga. Da ya dawo ya tura ƙofar, hucin ya dake shi a fuska. 'Yan tsakin sun taru a gindin ƙofa, wasu kan wasu, bakinsu a buɗe. Kaɗan ne ke motsi.

Shi da kansa ya kwashe su a buhu, ya haƙa rami bayan katanga. Hajiya ta same shi a can yana mayar da ƙasa.

"Baba Tasi'u, ƙaddara ce. Ƙarfen ne ya gaji."

"Hajiya, bututun da zafinsa. Ni ne ban ji ba."

Ta roƙe shi ya zauna ko da sa ido kawai zai riƙa yi. Ya yi mata godiya, ya miƙa makullai. Ba a daɗe ba aka cire bututun aka sayar wa 'yan gwangwan, aka kawo hita mai gas don ɗumama ɗakunan.

A Dugabau ya gwada komawa gona, fartanya tana zame masa a hannu. Ya koma zaman zaure, yana jan carbi da ƙyar. Zulaiha ba ta miƙa masa koko sai ta ɗanɗana, kada ya ƙone bakinsa ko yatsu. Bai taɓa ce mata ta daina ba.

Da damina ƙaya ta soke shi a dugadugi, bai sani ba sai da ƙafar ta kumbura. Ɗansu Musbahu ya kai shi asibiti, amma ciwon ya riga ya yi nisa. Ya rasu ana cikin cirar gyaɗa. Masu kiwon kaji na Gwarzo da Kabo suka cika mota guda suka zo, aka sallace shi kafin Azahar.