Oditan da ya ƙi shan fura a Lambara

Shekara huɗu ke nan da aka binne mahaifina a Bodinga. Ina da sha biyu a lokacin, yanzu sha shida, kuma Inna ta ce tsawo kawai na ƙara, hankalina yana nan inda Baba ya bar shi.

Baba odita ne a wata hukuma da ƙasashe da yawa suka haɗa kuɗi suka kafa don yaƙi da fara da jan baki, tsuntsayen nan masu cinye gero. Aikinsa ya bi takarda ya ga ko abin da aka ce an saya yana nan. Mutum ne da in ka ce masa yatsunka goma, sai ya ce miƙo ya gani.

Farkon mulkin farar hula hukumar ta ba da kwangilar injinan feshi na ƙauyukanmu, ta faɗa hannun Kawu Sahabi, yayan Inna, wanda kafin siyasa albasa yake sarowa. Takarda ta ce kowane ƙauye ya samu inji shida. Aka turo Baba ya ƙirga, manyan ofis suna ganin suruki ba zai tona wa suruki asiri ba.

A Sifawa ya ga shida. Sai aka shimfiɗa tabarma, aka fara gaisuwa irin tamu, wadda sai an tambayi lafiyar kowa har akuyar maƙwabci. Aka kawo fura, aka kawo tuwo, aka sake gaisawa don ta ɗazu ta huce. Bai samu tashi ba sai yamma. Washegari a Lambara ya ga shida, amma ɗaya an ɗaure masa hannu da robar taya, sak wanda ya gani jiya. Da mai gari ya miƙo masa ƙwarya da hannunsa, Baba ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, yau ba ni shan hura." Ya hau babur. Bai yi nisa a hanyar Dandin Mahe ba ya cim ma jakuna uku, kowane da inji biyu an lulluɓe da tabarma. Injinan nan shida sun zaga ƙauyuka fiye da ɗan takara.

Kawu ya zo gida ya roƙa, Inna ta yi kuka, Baba ya rubuta abin da ya gani. Hukuma ta dakatar da aikin baki ɗaya, har shidan ta kwashe. Da kaka jan baki suka sauka, suka yi wa gero aski. Daga nan ba wanda ya ƙara tuna jakuna. Abin da aka riƙe shi ne ɗan boko ya ƙi furar dattijo, ya jawo wa mutane yunwa. Manyan ofis, waɗanda nasu kason ya riga ya shige, suka ce rahotonsa gabar dangi ce, suka sallame shi. A kasuwa mahauci yana ganinsa sai ya tuna wuƙarsa na son wasawa. Hawan jini ya ƙarasa abin da ya rage. Ranar jana'iza na leƙa ta katanga, na ga kajinmu sun fi masu rakiya yawa.

Yanzu soja sun dawo, ana layin sabulu da madara, rediyo kullum bincike. Nakan ce da Baba na nan da ya ji daɗi, sai in tuna wanda aka ba rabon kayan layin a unguwarmu Kawu Sahabi ne. Shi ke kawo mana shinkafa duk wata, ya zauna a kujerar Baba. Muna ci. Ni har ƙari nake yi.

Watan jiya wasiƙa ta zo daga hukumar, da sunan Baba. Sabon kwamiti ya duba, ya ga rahotonsa gaskiya ne, ana gode masa, ana kuma tuna masa ya mayar da jakar ofis da ke hannunsa. Ranar Kawu yana gidan, an sauke buhunsa a zaure. Inna ta ƙyafta mini ido, ta taka mini ƙafa har na ji a haƙori.

Kawu ya ce, "Ɗiyata 'yar boko, mi takardar ga ta ce?"

Na karanta masa, na juya da Hausa, sunansa ma da ya fito sau uku na faɗa sau biyar. Ya saurara yana jan carbi. Ya ce, "Allah shi jiƙan Malam, mutum ne mai gaskiya." Sannan ya kira direbansa ya mayar da buhun mota.

Baba bai bar gona ba, bai bar fansho ba, jakar ma ɓeraye sun riga hukuma. Wai bakinsa ya bar mini, in ji Inna, ranar da ta ƙare marina ta zauna tana kuka. Sati uku ke nan muna shan kunu, ƙannena sun daina yi mini magana. Jiya da safe na ga Inna ta naɗe wasiƙar a sabon ƙyalle ta sa a ƙasan akwatinta, sannan ta ɗauki mayafi ta tafi gidan Kawu ba shi haƙuri.