Darar Ɗan Fari

Tun ina aiki a sakatariya, kafin gwiwa ta fara yi mini gardama, ba ni da wata shagala da ta wuce dara. In an sallame la'asar sai mu hallara gindin dalbejiyar da ke bakin layinmu a Ƙofar Kwaya, a share ƙasa, a gyara gurabe talatin, wannan ya ɗebi tsinke goma sha biyu, wancan ya ɗebi tsakuwa goma sha biyu. Ba yabon kai ba, an san ni. Daga Daura da Funtuwa, har daga Maraɗi, mutane kan zo takanas su gwada hannu da ni, in sallame su da ruwan sanyi da haƙuri. A wurin aiki na yi shekaru ba wanda ya taɓa tambayar ra'ayina kan komai, amma a kan dara in na yi magana ta zauna.

Ɗana na fari a bayana ya koyi dara, yana tsugune yana kallo tun bai iya ɗaura wando ba. Sunan mahaifina aka sa masa, ga shi kuma ɗan fari, sai kunya biyu ta hau kaina. Ban taɓa kiran sunansa ba. In yana kusa in ce "kai", in ba ya nan in ce "mai sunan Malam". Haka muka taras ana yi. Mahaifina bai taɓa yabon yayana a gaban mutane ba har ya koma ga Allah. In ɗan fari ya yi abin kirki, kawu ko baffa ne zai yaba, uba ya kau da kai. In an matsa masa ma sai ya kushe, kowa kuma ya san abin da ke ransa.

Ya gama karatun kwamfuta, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida. Aiki bai samu ba. Shekara uku yana cikin shagon da ke zaurenmu, shi da kwamfutarsa da ɗan farantin sola da ya ɗora bisa rufi. Na gaji da ganin ƙofar nan a rufe, na gaji da amsa wa mutane in sun ce me yaron nan yake yi. Rannan da hantsi ya zo ya durƙusa, ya ajiye waya a kan tabarmata.

"Baba, dara ce."

Na ɗauka na duba. Ga gurabe talatin, ga tsinke, ga tsakuwa. In ka dasa tsinke har ɗan ƙaran shigarsa cikin yashi kake ji, ashe a majalisarmu ya je ya naɗo. Ba ta yarda ka jera huɗu, ba ta yarda ka ci tun ana dasawa. Duk ƙa'idar da na taɓa yi wa wani tsawa a kanta tana ciki. Kuma ba da na'ura kake karawa ba, da mutum ne mai rai, ko yana Ƙofar 'Yandaka ko yana wata ƙasa. Wallahi ƙirjina ya cika, har na ji tsoron kada fuskata ta tona ni. Na miƙa masa wayar na ce, "To." Ya tashi ya fita.

Sauran bayanin ta bango na ji, yana yi wa uwarsa a tsakar gida. Naira dubu biyu ya sa, sau ɗaya, ba talla a ciki. Akwai wata na'ura da ke riƙe da wasan, haya ake biya mata duk wata. Amma abin da ya fi damunsa jama'a ne: in mutum ya shiga bai sami abokin karawa ba, gobe ba zai dawo ba. Ya ba kansa zuwa bayan Babbar Sallah. In mutane sun taru, zai zauna Katsina ya ci gaba. In ba su taru ba, zai rufe ya karɓi aikin da wani abokinsa ke ta kiransa a kai a Legas. Ni kuwa ba na son ya tafi, ko da wasa.

Ba a yi mako ba maganar ta iso gindin dalbejiya. Telan layinmu ne ya kawo ta, don shi ya fara saye. Wani Alhaji mai sayar da hatsi, abokin karawata na shekaru, shi ya ɗauki gaba da farashin.

"Dubu biyu kan mi?" in ji shi. "Ƙasa kyauta, tsinke kyauta. Kuma na danna ko'ina cikin abin nan, ba inda ake tayawa. Ko buhun gero sai an taya, mai shi ya ce albarka, a ja, a sallama. Wannan kau ya tsaya ƙiƙam kamar kuɗin asibiti."

"Haba Alhaji," in ji tela, "tsiren da kake ci ran Juma'a bai fi haka ba? Jiya ina bisa keke na kara da wani mutumin Damagaram, sau ukku. Da sai na yi kuɗin mota."

"Waɗanda jikokina ke yi ai kyauta ne."

"Kyauta, ana cusa masu tallan caca kowane minti. Kai dai faɗi gaskiya, wayar ce ba ta bari a janye tsinke in an dasa."

Aka fashe da dariya, don duk Ƙofar Kwaya an san Alhaji da janye tsinke yana cewa hannunsa ne ya zame. Bai ji kunya ba. Ya ce dara ba 'yan kallo, ba mai yi maka ba'a a ka, ba mai ce maka "ga doki nan an kafa maka" in an ɗana maka tarkon da za a yi ta cinka, wannan ba dara ba ce, lissafi ne. A nan kam ya faɗi gaskiya, ni ma na yi wannan tunanin. Tela ya ce ranar da ruwa ya tsuge fa, ko ranar da ƙafa ta hana mutum fita? Wani ya ce a mai da shi ɗari biyar. Wani ya ce 'yan unguwa bai kamata su biya ba, ai ɗan gida ne. Wani ya ce tunda shekara uku aka yi ana yi, dubu biyar ma ba a cuci kowa ba, amma shi dai ba zai saya ba.

Kwana da kwanaki ana wannan. Kullum maganar ɗaya, a juya ta kamar waina a tanda. Na gaji ƙwarai. Nakan sunkuyar da kai ina gyara gurabe, kunnena na kansu, bakina a rufe. Duk wanda ya kushe sai in ji kamar in watsa masa yashi, duk wanda ya yaba sai in rasa inda zan sa idona.

Rannan tela ya ce gardama ta isa, a tambayi mai abu. Ya danna wayarsa ya kawo ta daidai bakina. Na san naɗa yake yi, ba zan ce ban sani ba.

"Malam, kai ne uban dara a garin nan. Tsakani da Allah, wasan nan ya kai kuɗinshi?"

Ido ya yi mini yawa. Mutum goma sha wani abu, duk sun san ɗan wane ne. Na ji bakina ya buɗe da muryar mahaifina.

"Wasan yara ne," na ce. "Dara a ƙasa take. Ni dai da kuɗina ba ni sa dubu biyu a wannan."

Majalisa ta kece da dariya. Alhaji har da buga cinya. "Ɗan fari ne, mi kuke so ya ce? Kun ga yadda kunnenshi ke rawa?" A ranar, kafin a kira magariba, Alhajin nan da ya yi mako biyu yana tsine wa farashi ya ba tela waya ya ce a saya masa. Ya ce tunda na kushe haka, lalle abin ya yi kyau.

Tela ya tura muryar a guruf ɗinmu na majalisa, don waɗanda ba su zo ba su sami abin dariya. Daga nan wani ya tura gaba, na gaban ya ƙara turawa. Kafin Juma'a ta zagayo ta shiga guruf ɗin 'yan dara na Daura, na Funtuwa, na Maraɗi, har da waɗanda ban san da su ba. A can ba wanda ya san mai wasan ɗana ne. Abin da suka sani shi ne tsohon nan na Katsina da ya cinye su ya ce wasan yara ne, bai kai kuɗinsa ba. Wani ma ya bugo mini waya musamman yana godiya, wai na hana shi asara.

Shi ma yaron muryar ta kai masa. Da safe ya zo ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, ya tambayi gwiwa, ya koma shagonsa. Uwarsa ce ta same ni ina karin kumallo. Ita ma ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yabonsa ba.

"Malam, dara ta ci gida," ta ce.

Na ce ai ta san al'ada, me take so in yi a gaban mutane?

"Ni ma kunyar nake yi. Amma ni shiru nake. Kai magana ka yi."

Na yi fushi. Na bar kokon a nan na fita.

Tela ya fi kowa shiga damuwa. Ya ce in sake wata muryar in gyara, shi zai watsa ta ko'ina. Na karɓi wayar a shagonsa, ba kowa sai ni da shi. Na yi sallama, na gai da 'yan dara na gabas da na yamma, na tambayi iyali da kasuwa, na yi gyaran murya sau uku. Da na zo inda zan ce aikin ɗana ne kuma ya yi kyau, sai harshe ya ƙi. Abin da ya fito shi ne, "A dai gwada a gani." Wannan ba wanda ya tura ta gaba.

Ban ce muryata kaɗai ta kashe wasan ba. Data ta yi tsada, sabis yau akwai gobe babu, mutanenmu kuma ba su saba biyan abin da ba za su riƙe a hannu su juya ba. Wataƙila ko na yaba haka za ta kasance. Na sha gaya wa kaina wannan, bai taɓa sa na ji sauƙi ba.

Bayan Sallah da kwana kaɗan ya zo ya durƙusa ya ce ya karɓi aikin Legas, ƙarshen wata zai rufe wasan. Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Saura kwana biyu ya tafi, da hantsi, na tafi shagon tela na ce ya saya mini.

"Malam, ka ce mashi ya buɗe maka kyauta mana. Saura kwana nawa a rufe?"

Na ce ya saya, dubu biyu cif, kada ya rage ko sisi.

Na shiga. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a fuskar wayar, wai ana nema mini abokin karawa. Tela ya gama kafa hannun riga, ya juya ya kafa ɗayan, zoben na nan yana juyawa. Ba kowa. Sai a lokacin na gane abin da yaron nan yake kallo kullum a bayan ƙofar da na gaji da gani a rufe.

"Kana iya gayyatar mutum," in ji tela. "Sunanshi kawai za ka rubuta nan."

Tela ya sunkuya kan kekensa, ya taka da ƙarfi kamar ɗinkin gaggawa gare shi. Na rubuta sunan ɗan nawa, harafi bayan harafi. Shekara ashirin da bakwai, ranar ce ta farko.

Ba a jima ba aka amsa. Ya san ni ne, don da sunana tela ya shigar da ni. Muka dasa. Ya cinye ni sau biyu a jere, da irin dokin da nake kafa wa mutanen Daura. Na uku na ci, amma na ga inda ya bar mini hanya da gangan, abin ya ba ni haushi. Sai rubutu ya fito a ƙasan guraben.

"Baba, ya ka ga wasan?"

Amsar tana bakina tun ranar da ya ajiye waya kan tabarmata. Ba majalisa, ba ido, tela ma ya juya baya. Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Daga ƙarshe abin da na tura shi ne, "A ƙara ɗaya."

Ya ce, "To, Baba." Muka ƙara, har aka kira azahar.

An rufe wasan ƙarshen wata kamar yadda ya ce. Hoton tsinke da tsakuwar yana nan a wayata, in na danna ba abin da ke buɗewa, na kuma hana jikoki su goge. Yanzu a gindin dalbejiya ba mai tayar da maganar sai ni. Duk baƙon da ya zauna sai na gaya masa an taɓa yin wata dara ta waya a garin nan, wadda ta fi kuɗinta nesa ba kusa ba. Alhaji ya gaji da ji. Ran nan ya ɗago daga kan gurabe ya ce, "Mu mun ji, Malam. Ka faɗa ma mai ita."

Har yau ban faɗa masa ba. Yakan bugo duk Juma'a bayan an sauko masallaci. In tambaye shi aiki, in tambaye shi ruwan Legas, sai in miƙa wa uwarsa wayar.