Neman Kan Kibiyar Ragon Dutse, Daga Gagarawa Zuwa Sule Tankarkar

Gagarawa, Laraba

Ana sallame sallar asuba muka bar gida, ni da Baffa Ilu, ƙanin mahaifina. Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Jigawa ba, ana tsakiyar wahalar mai. Baffa maharbi ne tun yana saurayi, amma duk abin da ya taɓa kayarwa na fili ne: gada, barewa, zomo. Sai abokinsa Agali, wani Buzu mai kawo raƙuma kasuwar Maigatari, ya yi masa alkawarin kai shi duwatsun ƙasarsu, can arewa da Damagaram, ya harbi ragon dutse. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ban da dafi, don mutanensu ba sa cin naman dafi. Kibau ɗin Baffa kuwa ƙananan kawuna ne masu kunne, aikinsu kai dafi cikin jini kawai. Dole a nemo kan da zai kashe da kaifinsa. Ni aka ɗauka riƙon kwari da jaka.

A tasha muka sami akori-kura cike da buhunan riɗi. Direba ya dubi bakan ya ce, "Baba, a ɗora shi a sama."

"Sai dai ka ɗora ni tare da shi," in ji Baffa.

Haka muka yi tafiyar a kan buhuna, baka a cinyarsa.

Gumel

Hantsi ya ɗaga muka isa. Muka karya da koko da ƙosai, muka nufi maƙera. Nan Baffa ya ga abin da ransa ke so: kai mai faɗi kamar ganyen kuka, an ƙera shi da ƙarfen sifirin mota. Ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya yi murmushi.

Maƙerin ya ce, "Wannan sai ƙaƙƙarfan baka fa, Baba."

"Bakana ka gani ko hannuna?"

Maƙeri ya naɗe masa guda uku. Muka kwana a gidan wata ƙanwar Baffa, ta yi mana tuwon gero da miyar kuka. Kafin magariba har ya ɗaura kawunan a jikin kyauro da jijiya.

Maigatari, Alhamis

Ranar kasuwa ce, mota ba ta yi wuya ba, sai dai kuɗinta ya kusa ninkawa. Kafin shiga gari aka tsayar da mu a shinge. Wani ma'aikacin kwastan, mutumin Filato mai suna Bitrus, ya ce a buɗe kwari. Na zaci magana za ta yi tsawo. Sai ya zaro kibiya ɗaya, ya juya ta, ya ce kakansa ma maharbi ne a duwatsunsu.

"Baba, a kan dutse iska ba ta da alƙibla. Mai faɗi haka, iska za ta kaɗa maka ita."

Baffa ya ce, "Allah ya yi albarka, ɗana." Da muka wuce ya ce mini, "Yaro ne."

A kasuwar raƙuma muka sami Agali yana dafa shayi. Bayan gaisuwa da kofi uku, ya sa aka rataye busasshiyar fatar bijimi a jikin wata bishiyar aduwa a bayan kasuwa.

"Ilu, ragon nan gashin wuyansa har ƙirji, fatarsa kauri. In ka ji masa rauni kawai, zai haye inda ba mai kai masa wuƙa, ya mutu mushe. Huda wannan in gani."

Baffa ya ja tsirkiya. Na ga da ƙyar ya kai ta inda ya saba. Ta farko ta karkace ta wuce. Ta biyu ta daki fatar ta faɗo ƙasa. Ta uku ta maƙale da tsini kawai.

Agali ya tsince su ya miƙa masa da hannu biyu. "Sai kasuwa mai zuwa zan koma gida. In ta huda, mu tafi. In ba ta huda ba, mu sha shayi."

Muka hau mota muka koma Gumel. Da muka sauka Baffa ya ce, "Nemo mana ta Sule Tankarkar."

Sule Tankarkar

Bayan la'asar muka isa, don motar ta tsaya sayen mai wurin 'yan bumburutu. Muka sauka gidan Tanko maƙeri, taubashin Baffa, wanda tun suna yara ba sa raga wa juna. Ya ji labari, ya yi dariya har da tari.

"Kai Ilu, kan ba shi da laifi. Hannunka ne ya tsufa. Haƙorinka ya daina tauna ƙashi ka koma fura, amma kibiya ka ce sai ta samari."

"Kai ma guduma ta fi ƙarfinka, tsohon banza."

"Shi ya sa na koma ƙarama, kuma ina cin abinci."

Baffa shi ma ya yi dariya. Ya ce, "To ƙera mini ta tsofaffi."

Na zauna wurin zugazugi. Tanko ya ɗauko tsohon zarto, ya buga kai siriri dogo kamar ganyen darbejiya, kaifi biyu tun daga tsini, ba kunne. Ya ce kunne riƙe fata yake yi, siriri kuwa ba ya neman ƙarfi, hanya yake nema. Suka yi gardama kan nauyi. Baffa ya ce a ƙara wa gindin ƙarfe don kada iska ta yi wasa da ita, Tanko ya yarda da wannan. Muka ci dambu, muka kwana a soro.

Juma'a

Da safe Tanko ya rataye fata ninki biyu a bayan maƙera, don mugunta. Baffa ya ja daidai inda hannunsa ya yarda, ya saki. Ba mu ji ƙara sosai ba. Da muka zagaya, kibiyar ta fita har rabin kyauro. Ya sake harbawa, ta biyu ta shiga kusa da 'yar'uwarta.

Tanko ya ƙi karɓar ko sisi. "Ƙaho ɗaya nake so. In ka dawo hannu sake, kada ka biyo ta ƙofata."

Muka sami Juma'a a Gumel, muka iso Gagarawa da sauran rana. Inna Hajara, matar Baffa, ta tarbe mu da ruwa, ta dubi sababbin kibau ta ce, "Duk tafiyar nan don waɗannan 'yan tsinken?"

Baffa ya ce, "Daidai ni suke. Wanke mini babbar riga, Alhamis zan tafi."

Mun gode wa duk wanda ya ba mu ruwa da shimfiɗa a hanyar nan, mun gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya.