Ranar da Na Kashe Maƙeri a Bakin Rijiya

Shekarar da ruwa ya ƙi sauka karo na biyu a jere, ina da goyo, ɗiya mace, wata biyar. Daga Isa anka kawo ni aure wani ƙauye gefen Kurawa, ban ko cika shekara biyu cikinsa ba. Maigidana ya bi maza kudu cin rani, ya bar ni da uwarsa mai ciwon ƙafa. Abincinmu 'ya'yan anza ne, su kuwa ba su ciyuwa sai an jiƙa an zubar, an sake jiƙawa an zubar, har ɗacin ya fita. Ga abinci mai shan ruwa, ga gari ba ruwa.

Rijiya ɗaya ta rage, can ƙarƙashin wani gawo. Ruwanta tsattsafowa yake yi, a zura guga, a jira, a sake zurawa. Mata kan jera tuluna tun hantsi, kuma jerin yana da doka: haifaffun garin su ne gaba, sai waɗanda anka kawo aure da daɗewa, sai matan ruga, sai ni. Mai tsaron dokar wata tsohuwa ce da kowa ke kira Gwaggo, tana zama gindin gawon da sandarta bisa cinya. Ta gaba ta ɗebi ruwa garai-garai, ta ƙarshe ta ɗebi kunun laka. Ni ke kwasar kunun. In na tace shi da bakin zane na bari ya kwanta, abin da ke saura bai cika ƙwarya biyu ba. Nonona ya fara ja baya, ɗiyar ta fara irin kukan nan da ba ƙarfi cikinsa.

Na duba abin da na mallaka wanda zai sa matan nan su so ni, na ga ba ni da komi sai baki. Wata rana muna zaune, kowa ya yi jugum, sai na gyara murya na ce, a can da, kafin a san Gobir da Zamfara, akwai birane bakwai masu ganuwar tagulla.

Gwaggo ta ɗaga sanda. "Ke 'yar Isa, tatsuniya da rana tsaka? Kina son ɓatan kai ya same mu a hanyar gida?"

Na ce, "Gwaggo, ni na isa? Wanga ba tatsuniya ba ce, labari ne. Ya faru. Kakana ya ji daga bakin kakansa."

Ta ce, "To, in ya faru, faɗi."

Allah ya yafe mani, shi kuma kakana ya yafe mani, don bawan Allah bai san komi ba sai jimar fata da ɗinkin takalmi.

Na ce biranen nan bakwai suna da tambari ɗaya, in an buga shi hadari ya taso. Sarkin Ƙarƙashin Ƙasa, mai ido ɗaya tsakiyar goshi, ya fito da rundunar kuraye ya sace tambarin. Sarakunan bakwai sunka zauna shawara, sunka tashi da yaƙi tsakaninsu a kan wa zai hau gaba. Sai wani maƙeri, gurgu, wanda matarsa ta rasu, ya ƙera takobi da gatarin aradu, ya hau wata raƙuma mai magana wadda ba ta faɗin komi sai ƙorafi, ya ce shi za shi.

Ranar ba a yi faɗa ko ɗaya a bakin rijiya ba. Na tafi gida da lakata ina murna, na ce gobe za a matsar da tuluna gaba.

Kashegari na ƙetarar da maƙerin Gulbin Yashi, inda kifaye ke iyo cikin rairayi. Wanshekare na kai shi kasuwar da ake sayar da inuwar mutane. Na haɗa shi da sarauniyar mayaƙa mata masu hawan jiminai, ta yi masa rantsuwa za ta bi shi da dakarunta har ƙofar ƙasa. Wata Bafillatana da ke gabana a jeri ta ce, "Duk wagga tafiya, shanun mutanen ina suke sha?" Dole na tono masu tafki. Gwaggo kuwa ba ta tambayar kowa sai maƙerin. Ya ci abinci? Ƙafar ta dame shi? Don mi bai sake aure ba, mutum mai sana'a a hannu?

Kwana tara ina wanga aiki, tuluna bai motsa ba. Rana ta goma ma wata sabuwar amarya da anka kawo daga Tsamaye, wadda bisa doka bayana ya kamata ta tsaya, sai na ga an ɗora tulunta gaban nawa. Bafillatanar ta matso ta raɗa mani.

"Ke dai ba ki da wayo. In kinka cika tulu mi kike yi?"

Na ce, "In tafi gida."

"To. Wa zai bari ki cika da wuri?"

Nan na gane da bakina na ɗaure kaina a ƙarshen jeri. Na koma gida da ruwan da ko akuya sai ta yi tunani kafin ta sha. Ɗiyata ta kama nono ta saki, ta kama ta saki. Uwar mijina ta dube ta, ta dube ni.

Da gari ya waye na je na aje tuluna inda anka saba aje shi, na zauna. Gwaggo ta ce, "Jiya mun bar shi bakin ƙofar ƙasa."

Na ce ƙwarai. Na ce ƙofar ta buɗe, kuraye sunka fito kamar fara, jiminai sunka shiga cikinsu, ƙura ta rufe rana. Maƙeri ya kutsa har ya hango tambarin rataye bayan karagar mai ido ɗaya. Ya miƙa hannu. Sai wani mashi ya fito ta bayansa ya shiga tsakanin kafaɗunsa. Ya faɗi. Ya mutu.

Na ja bakina na rufe.

Matar da ke jan guga ta saki igiya, sai da wata ta yi tsalle ta taka bakinta. Amaryar Tsamaye ta fashe da kuka. Gwaggo ta yi salati ta sake yi.

"Ya mi?"

"Ya mutu, Gwaggo. Kowa da ranarsa."

"Tashe shi."

Na ce, "Ni? Da tatsuniya ce da na tashe shi yanzu-yanzu. Amma ke kinka ce in ya faru in faɗi. Ya faru. Wa ke tada wanda ya mutu da gaske?"

Wata ta ce to a mai da shi tatsuniya mana. Gwaggo ta daka mata tsawa, ta ce kwana goma sha ɗaya muna sauraron tatsuniya da rana ke nan, so take duk garin ya ɓace a daji? Anka rasa mafita. Ni kuwa na ɗauki gammona na ce tunda labari ya ƙare za ni gida, in an gama a aiko a gaya mani in zo in kwashi lakata.

"Zauna," in ji Gwaggo. Ta daɗe tana duban ƙasa, tana zane da sandarta. Can ta ɗago, fuskarta kamar ta alƙali.

"Kakan kakan naki yana wurin?"

"Yana nesa kaɗan."

"Nesa kaɗan. Cikin ƙura. Wa ya yi wa mamacin wanka?"

Na ce ba a yi ba, ƙasar ba ruwa.

"An sa shi a rami?"

"Ana cikin yaƙi, Gwaggo."

"Ba wanka, ba rami, mai shaida yana nesa. Ke yarinya, mijina na fari sai da anka aika a yanko likkafani ya yi atishawa, ya ƙara shekara goma sha yana cin tuwona. Suma maƙerin ga ya yi. Ko kin musa?"

Na ce, "Mai yiwuwa ne. Sai dai maƙogwarona ya bushe, ban iya tuna abin da kakana ya ce. Kuma hankalina na gida, ɗiyata ba ta samun nono."

Matan nan duk sun san ɗiyar, sun san kukanta, sai dai ba wadda ta taɓa haɗa kukan da jerin tuluna, ko kuwa sun haɗa sun kau da kai. Gwaggo ta miƙa sanda ta nuna tuluna. Jikanyarta da ke kan gaba, haifaffiyar garin, ta buɗe baki za ta yi magana, ta ga sandar, ta rufe. Da hannunta ta cika mani shi, ruwa fari tas har ana ganin gindin tulu.

"Ki kai, ki sha, ki ba ta, ki dawo," in ji Gwaggo. "Kullum haka. In ba ki dawo ba ni da kaina za ni zo. Kuma in maƙerin ya farfaɗo a ba shi fura, ya zubar da jini."

Bafillatanar ta taya ni ɗauka, tana cije leɓe kada dariya ta kuɓuce mata.

Na shiga gida na sauke. Na sha har cikina ya yi ƙara, na jiƙa tsumma na goge wa ɗiyar jiki, ta yi shiru tana kallona. Uwar mijina ta jawo ƙafa ta leƙa tulun, ta sa yatsa ta ɗanɗana.

"Ina kinka samo wanga?"

Na ce, "Inna, mutum na kashe. Yanzu za ni koma in tashe shi."

Ta sake leƙa tulun, ta dubi tarin zannuwanmu da sunka yi wata biyu ba su ga ruwa ba.

Ta ce, "In kin tashe shi, gobe ki kashe wani, mu samu na wanki."