Baban Kwaɗi da Gaiwar da Ta Halarci Taron Kwamiti

Kafin masu shara su buɗe ofis ko ɗaya, Baban Kwaɗi ya riga ya zagaye tafkin da ke bayan sashenmu na nazarin halittu. Takalmin roba har gwiwa, sandar auna zurfin ruwa a hannu, littafi a aljihun gaba. Ya rubuta tsuntsun da ya sauka, ciyawar da ta yi fure, da inda kunkuru ya binne ƙwai. Shekara talatin da ɗaya ke nan. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuwa ya amshe abinsa. A takardar ma'aikata, lebura ne mai kula da lambu.

Wai lebura! Littattafansa arba'in da biyu ne a kabad ɗin ɗakin gwaji, kuma da abin da ke cikinsu mutum nawa suka zama dakta, nawa suka zama farfesa? Na duba duk abin da muka wallafa a kan tafkin nan, sunansa bai fito ko sau ɗaya ba. Har da nawa rubutun a ciki, kuma ina jin kunya.

Bara hukumar jami'a ta ce za ta cike tafkin ta yi wurin ajiye motoci. Aka naɗa kwamiti ya duba ko akwai abin da za a yi asara. Mutanen nan, da digirinsu jere, suka tashi suka je a tsakiyar rani, lokacin da ruwa ya janye, ƙasa ta tsattsage. Wasu ko daga mota ba su fito ba. Suka rubuta cewa busasshen fili ne, babu abin da ke rayuwa a ciki. Mu malaman sashen muka yi gunaguni a ɗakin hutu, muka watse.

Ranar zaman ƙarshe, in ji sakatariyar kwamitin, sai ga Baba ya turo ƙofa da babban baho a ka, da busasshen curin laka a ciki.

"Baba, ina za ka da wannan ƙazanta?" in ji shugaban kwamiti.

"Ranka ya daɗe, shaida na kawo. Daga inda kuka ce ba kowa na haƙo ta." Ya tuttula ruwa a bahon. "Ku ci gaba da taronku, ba za ta dame ku ba."

Suka yi dariya, suka ci gaba da gardama a kan yawan motocin da wurin zai ɗauka. Can laka ta jiƙe, wani abu ya motsa. Gaiwa ce, kifin nan da ke binne kansa a laka har ruwa ya dawo, tsawonta ya kai damtsen mutum. Shugaba ya ja kujerarsa baya.

"Ita kaɗai ce?"

"Ita ce dai ta samu zuwa, ranka ya daɗe. Sauran suna ƙasa, su da kwaɗi, suna jiran ruwa. In kuka zuba kwalta, a nan za su mutu suna jira."

Kun san ladan da aka ba shi? Takardar gargaɗi, wai ya ɓata kafet. Aikin cike tafkin ma ba a soke shi ba, an ce an ɗage. Katafila tana nan a fake kusa da tafkin, ciyawa ta fara hawan ta.

Baba, kai ne ka yi aikin da aka gina jami'a dominsa, mu masu manyan riguna muka tsaya kallo. Kai ne ka mai da gaiwar nan tafki da hannunka ranar da ruwan farko ya sauka. Mun gode, mai ido a ƙasa. Allah ya saka maka, ya ƙara lafiya.

Ranar Juma'a zai yi ritaya, kuma ba za a ɗauki wani a gurbinsa ba. Na tambaye shi me yake so mu yi masa.

"Malama, kada littafin ya yi giɓi. Ranar da aka daina rubutawa, za su sake cewa ba kowa."

To, abokan aiki, littafi na arba'in da uku yana hannuna. Ranar Litinin da sassafe ina bakin tafki. Duk wanda ya ci digiri da rubutun Baba, ya nemo takalmin roba ya same ni a can.