Ranar da Filayen Yaya Suka Fita Yaƙi

Yayana ne ya kawo wasan gidanmu na Ƙofar Kibo. Wani abokinsa da ya yi karatu a ƙasar waje ne ya bar masa kwali cike da katuna masu hotunan dodanni da dazuzzuka. Ya rasa abokin wasa a Tukur-Tukur inda yake zaune da iyalinsa, sai ya riƙa ɗauro kwalin a bayan babur duk Asabar. Ranar farko Inna ta leƙo zaure ta tambaya ko caca ce. Da muka tabbatar mata ba a sa komai, ta ce to kada dai ya hana mu la'asar.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Akwai katin fili, wato daji ko tsauni ko fadama. Duk zagaye kana ajiye ɗaya, kuma daga filayen nan kake ɗibar ƙarfin da za ka fito da sauran katunanka. In ka ɗibi ƙarfin fili sai ka karkata katin, alamar ya yi aikinsa ke nan. Akwai kuma katin halitta, su ne mayaƙa, su ke kai hari, su ke mutuwa. Halittar da ka sauke yanzu ba ta kai hari sai zagayenka na gaba. Wadda ta kai hari kuma, ita ma karkata ta ake yi.

Yaya ya girme ni sosai, kuma a gidanmu in ya faɗi magana ta zauna. Ya daɗe yana cinye ni da wani kati da yake ji da shi, wanda ke mayar da duk filayensa ƙananan halittu na zagaye ɗaya, su taso mini gaba ɗaya. Ni kuwa tun ina makaranta ba na tsallake ƙaramin rubutu. Na karanta katin nan har ƙasa, na tsaya na yi tunani a kansa, sannan na zaɓi wani katin ruwan wuta da ke ƙone kowace ƙaramar halitta, wanda ake iya jefa shi ko a zagayen abokin karawa.

Wata Asabar da damina, an ɗauke ruwa ke nan, muna cin dafaffiyar gyaɗa, Yaya ya ajiye sabon tsauni, ya fito da katin nasa, ya turo filayen duka.

"Yaya, wancan tsaunin ba zai zo ba," na ce. "Yanzu ka ajiye shi."

"Fili ne, Auta. Dokar jira ta halittu ce."

"Ai da hannunka ka mai da shi halitta. Sabo ne, dole ya jira."

Ya yi dariya ya ja shi baya. "To na bar maka. Sauran ma sun ishe ka."

Na karkata filayena, na ajiye ruwan wuta a tsakiyar tabarma. Na ce, "Duk sun mutu."

Ya dubi katin, ya dube ni. "Kai, fili yana mutuwa? Sai dai su koma yadda suke."

"Sai ƙarshen zagaye za su koma. A yanzu kowanne fili ne kuma halitta ne, abin da ya sami halitta ya same shi."

"Tsaunin fa? Ai bai fita ba."

"Bai fita ba, amma halitta ne shi ma. Wuta ba ta tambayi wanda ya kai hari ba."

Ban ɗaga murya ba, don na san abin da na karanta. Yaya ya ciro wayarsa ya shiga neman dokokin wasan. Ya daɗe yana gungura allo, yana motsa leɓe. Ni dai na ci gaba da ɓare gyaɗa. Can ya kife wayar, ya tattara filayen da kansa, har da tsaunin, ya ajiye su a gefen matattun katuna.

Na ce mu sake sabo, ya ƙi. Ya ci gaba da jan katuna masu ƙarfi waɗanda ba shi da filin fito da su, har na gama da shi. Da muka tashi alwala ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka iya shiru, Auta."

Asabar ta gaba ya cire wancan katin, ya zo da wata fadama mai zama halitta ita kaɗai. Bai tashe ta ba sai da ya ga na karkata filayena duka, ba ni da abin jefa wuta. Da ita ya cinye ni, kuma ya yi ta murmushi har magariba.

Cikin makon ina wurin aiki sai ga kiransa. Ko sallama bai ƙarasa ba.

"Auta, in fili ya zama halitta ya kai hari, zan iya ɗibar ƙarfinsa daga baya?"

"A'a, Yaya. Harin ya riga ya karkata shi."

"Haka na zata," ya ce, ya kashe wayar.