Rantsuwar da Na Yi a Kan Guntu

Tsufa ya share mini abubuwa da yawa, har sunayen jikokina wani lokaci sai na yi ta lalube. Amma abin da ya faru tsakanina da wani kare a ƙarshen shekarun alif ɗari tara da sittin, wannan kam da shi za a sa ni a kabari. Na san wasu daga jin kare za su taɓe baki. Su taɓe. Iyayensu ma sun taɓe, a gabana kuwa, kuma labarinsu ne zan bayar.

A Jidda aka haife ni. Mahaifina ya zo hajji da ƙafa ta Sudan, bai koma ba, ya kafa tukubar tsire kusa da Bab Makka, ni na gaje shi. Ragunan da nake yankawa ina ajiye su a wani ɗan garke na langa-langa can bayan unguwar Bani Malik, lokacin wurin duk rairayi ne da ƙaya da karnukan juji. Saboda karnukan nan na samo ɗan kwikwiyo ja mai guntuwar jela, na sa masa suna Guntu. Shekara tara yana gadi, ko ɗan akuya ban taɓa rasawa ba. Kowa ya san da shi, babu wanda ya taɓa cewa uffan, tunda karen gadin dabba ba laifi ba ne. Ni kaina ban ɗauka sonsa nake yi ba. Abin da na sani shi ne, tun kafin na ɓullo yake jin ƙanshin hayaƙin rigata, ya taho da gudu yana kaɗa ɗan abin da Allah ya bar masa na jela.

Da atishawa abin ya fara. Sai wata safiya na ga ɗigon jini a rairayi, na duba na ga daga hancinsa na hagu ne. Na ce ƙaya ce, ko kuwa sun yi faɗa da karnukan juji. Wata biyu jinin yana zuwa yana ɗaukewa, sannan karan hancin ya fara kumbura, idon gefen ya riƙa zubar da ruwa, numfashinsa ya koma kamar minshari ko yana farke. Ranar da na iso har bakin ƙofa bai san na zo ba sai da na yi magana, ranar na san hancin ya tashi daga aiki.

Akwai wani likitan dabbobi, mutumin Sudan, da ke duba raguna a kasuwar dabbobi. Na roƙe shi ya biyo ni. Ya durƙusa ya tattaɓa kumburin, ya buɗe bakin ya leƙa.

“Ya zol, wannan saratan ne,” in ji shi, don haka ’yan Sudan ke kiran mutum, ya zol. “Abin da kuke ce wa daji. Yana can cikin hanci yana cin ƙashi, ba ni da maganinsa, ba kuma wanda ke da shi a garin nan. Amma ka ji abu ɗaya. Kare da hanci yake cin abinci. In bai ji ƙanshi ba, ko rago ka yanka masa kallonsa kawai zai yi. Ka ɗumama abu mai laushi ka sa masa a baki da hannunka. Ka riƙa goge hancin da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. Ranar da ka ga numfashi ya gagare shi, ka kawo mini shi in yi masa allura ya huta.”

Haka na shiga jinya. Kullum da hantsi, kafin na yanka ragon ranar, sai na dafa romon ƙashi a wata tsohuwar tukunya da na ware masa, na jiƙa gurasa a ciki, na zauna a inuwar langa-langa na ɗora kansa a cinyata. Loma-loma nake tura masa, yana haɗiya yana tsayawa ya ja numfashi ta baki. Wani lokaci atishawa ta zo masa ya fesa mini jini a riga, sai ya sunkuyar da kai kamar wanda ya yi laifi. In na gama na canja riga, na wanke hannu sau bakwai har da ƙasa, na bi da sabulu. Ko malamin da ya karantar da mu, kwanon da kare ya lasa ya ce a yi wa haka, amma ni hannun ma ban bar shi ba. Cikin mako uku Guntu ya ɗan murmure, har yana tashi ya yi wa karnukan juji haushi da dusasshiyar murya.

Sai ga kawun matata. Mutum ne mai yi wa alhazai jagora lokacin hajji, sauran watannin shekara kuma yana zaune a bencin tukubata yana gyara duniya da baki. Carbi ba ya barin hannunsa, sai dai ban taɓa ganin ya ja shi zuwa ƙarshe ba, kullum gulma ke tare shi a hanya. Ranar ya zo garke ne ya zaɓi ragon sunan jikansa, bai yi sallama ba, ya same ni da yatsu uku a bakin kare.

“A’uzu billahi! Kai, ya waladi, da wannan hannun kake ba Musulmi nama?”

“Kawu, ba shi da lafiya ne. Ina wankewa yadda aka ce, har da ƙasa.”

“Wankewa? Halas, shi ke nan, na gani da idona.”

Ya juya ko ragon bai duba ba. Kafin la’asar labari ya riga ni isa Bab Makka. Kashegari ya kai unguwar Sharafiyya, kuma a hanya ya yi ƙiba. Da farko cewa aka yi ina ba kare abinci da hannu. Sannan aka ce a faifan tsire yake ci. Zuwa kwana na uku wani mai shagon yadi ya rantse an ga fatar kare a bayan garkena. Mutanen da suka shekara ashirin suna lasar yatsa a gabana suka riƙa wucewa ta ɗaya gefen titi suna tofar da yawu. Akwai wani a cikinsu da na sha gani yana fyace majina da hannu ya goge a bango, ya miƙa hannun cikin yaji. Shi ma ranar ya zama malamin tsarki. Na yi ta juya tsinke a kan garwashi har naman ya bushe, na kwashe na kai gida. Mako guda ana haka. Ga ’ya’ya biyar, ga tukubar da mahaifina ya bar mini tana neman mutuwa a hannuna.

Ranar Juma’a bayan an sauko, kawu ya kira ni gefe a ƙofar masallaci, fuskarsa cike da tausayi irin na wanda ya kunna wuta ya zo da bokiti.

“Ka san ni ba na son asararka, ’yata kake aure. Ka rantse a gaban jama’a ba za ka ƙara taɓa karen nan ba. Ni kuma gobe in zauna a bencinka in ci tsinken farko kowa na gani. Yalla, magana ta ƙare.”

Na rantse. Babu wanda ya murɗe mini hannu, gara in faɗi gaskiya. Na ɗaga murya yadda na bayan sahu zai ji, na ce wallahi tallahi hannuna ba zai sake taɓa shi ba. Aka yi ta sa mini albarka kamar wanda ya musulunta ranar. A raina kuwa wayo na ɗauka na yi. Na ce ai zan ci gaba da dafa romon, in ajiye masa a kwano, yunwa za ta koya masa ci.

Kashegari da hantsi na ajiye kwanon a gabansa na ja baya. Ya dubi kwanon, ya dube ni. Ya taso yana tangaɗi zai ɗora kai a cinyata, na matsa. Ya sake matsowa, na sake matsawa, har bayana ya bugi langa-langa. Na gwada da ludayi mai dogon hannu, ya kau da kai, don ba ludayi ya sani ba. Hancin ya toshe da busasshen jini, ba mai gogewa. Da na koma gida na gaya wa matata, ta ajiye abin da take yi ta dube ni.

“Maigida, rantsuwa fa tana da kaffara. Ka ciyar da miskinai goma, ka je ka ba bawan Allah nan abinci.”

“In aka sake ganina fa?”

“Sai a gan ka. Kawu ai ni na san shi tun ina goye, in bai sami wannan ba wani zai samo.”

Na ce mata ba ta san kasuwa ba. Kasuwa kuwa ta dawo. Da la’asar kawu ya zauna a bencina ya ci tsinke shida a gaban jama’a, yana tauna yana gyaɗa kai kamar alƙalin da ke yanke hukunci. Masu tofar da yawu suka dawo ɗaya bayan ɗaya, har mai shagon yadi, wanda ya ce a ƙara masa yaji. Hannun dai shi ne, garwashin shi ne, babu abin da ya canja illa cewa akwai wani kare can bayan gari da bai ci komai ba tun jiya.

Kwana huɗu ina kai kwano ina zubar da na jiya. A na uku ya daina tasowa, ido kawai yake bina da shi. Na tuna allurar likita, amma kai shi kasuwar dabbobi sai an ɗauke shi, ɗauka kuwa taɓawa ce, ga kasuwar cike da idon sani. Na ce bari in ga gobe. Ran na biyar na same shi a bakin ƙofar garke, inda ya saba tarona, ƙudaje sun rufe fuskar. Ban san yadda ya ja jiki ya kai wurin ba.

A nan na taɓa shi. Na ɗauke shi ba nauyi, kamar buhun harawa, na haƙa rami a gindin wata ƙaya na rufe shi. Na zauna na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina, raguna suna kallona suna tuƙa. Rashin kare ba shi da zaman makoki, ba mai shimfiɗa maka tabarma, ba mai zuwa gaisuwa. Matata kaɗai ta ce, “Sannu, Allah ya ba ka haƙuri,” ba ta ƙara da cewa ai ta faɗa mini ba, abin da har yau nake gode mata a kai. A tukuba kuwa abin dariya ya zama. Kawu ya cika baki da nama ya ce, “An ce maigidanka ya rasu, yaushe ne sadakar uku?” Benci ya ɗauki shewa. Ni kuma na yi yaƙe na miƙa masa wani tsinken. Wannan yaƙen ma ban yafe wa kaina shi ba.

Watanni na yi ina dafa romo da yawa in na manta, ina sassauta tafiya in na kusa garke, ina jiran a taho da gudu. Na riƙa lallashin kaina da cewa ai dajin ne, ko na ba shi ko ban ba shi ba tafiya zai yi. Da wannan nake samun sauƙi, har ranar da na ci karo da likitan a kasuwar dabbobi ya tambaye ni jikin Guntu. Na gaya masa komai, ban rage ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa.

“Yadda na gan shi, da sauran wata biyu ko uku kafin ciwon ya kai shi ƙasa,” in ji shi. “Ba daji ya kashe karenka ba, ya zol. Yunwa ce.”

Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, ya koma kan ragon da yake dubawa.

Kawu ya rasu da daɗewa, masu benci duk sun bi shi, Allah ya jiƙansu, ban ce kada ya jiƙansu ba. Amma ban ƙara ganin girman taronsu ba har suka ƙare. Mutanen da tsinke shida ya isa ya wanke musu abin da suka kira najasa, tun farko ba tsarki ya dame su ba, abin taunawa suke nema. Ni kuma da na fi su sanin gaskiya, na fi su laifi. Abin da na koya shi ne, bakin mutane ba ya ƙoshi, in ka ba shi abu yau gobe ya manta ya ci. Wanda ya dogara da kai kuwa, mutum ne ko dabba, ba shi da wani bayan kai. Na tsaya ina tsoron masu tofar da yawu, na manta da Wanda zai tambaye ni amanar da ya ba ni, kuma a can babu benci, babu kawun da zai ci na farko ya wanke ni.